Ɗan'azumi da Iccen Jawa

A unguwar Banifandu ta birnin Yamai, in ka ce kana neman gidan Malam Ɗan'azumi, sai a tambaye ka wanne daga ciki. In ka ce mai jawa, ko baƙon da ya tare jiya zai nuna maka ƙofar. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya ba sittin baya, kuma yana da wata ɗabi'a guda: kafin kowa ya yi masa dariya, shi ya riga ya yi wa kansa. In baƙo ya tambaye shi sana'arsa, sai ya gyara zama ya ce, "Ni ɗan mahauci ne da wuƙa ta ƙi."

A Madawa aka haife shi, cikin watan azumi, a gidan da kowane namiji ke tashi da wuƙa a hannu. Ubansa Alu mai kilishi ne, kakansa ma haka. Tsakar gidansu ba ta rabuwa da gadajen kara da aka shanya nama a kai, ga ƙuda, ga shirwa tana shawagi a sama. Wansa Mu'azu tun yana ƙarami hannunsa ya faɗa. Zai ɗauki tsoka ya yi ta warware ta da wuƙa kamar mai kwance rawani, har ta zama falle, in ka ɗaga kana hango rana ta ciki. Shi kuwa Ɗan'azumi in ya yanka, ko dai ya fito da kauri kamar tafin takalmi, ko ya huje ya koma rariya. Sau da yawa ma jinin da ke jikin naman nasa ne.

Alu ya yi haƙuri har ya gaji. Wata safiya ya karɓe wuƙar, ya dubi hannun ɗan nasa ya ce, "Kai dai tashi ka koma wajen labu, tun kana da sauran yatsu."

Labu shi ne kunun da ake tsoma busasshen naman a ciki kafin a sake shanya shi a gasa. Tunkuza ce da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri. In farin kilishi ake so, nan aka tsaya. In ja ne, sai an zuba jawa. Jawa wasu 'yan ƙwayoyi ne masu kusurwa, sun ɗan fi ƙwayar dawa girma, ga tauri kamar tsakuwa, jikinsu lulluɓe da wani jan gari mai maiƙo. Fatake ke kawo ta cikin buhu daga kudu. Ana jiƙa ta a ruwan ɗumi da 'yar kanwa, a yi ta murzawa tsakanin tafuka har jan ya fita, a tace, a zubar da tsirarun ƙwayoyin. Ba ta da wani ɗanɗano na a zo a gani, ɗan ƙamshin ƙasa ne da yaji-yaji can ciki. Aikinta launi. Wannan murza ita ta zama rabon Ɗan'azumi daga gadon gidansu.

Ya taɓa tambayar ubansa, "Baba, wai mi ke haihuwar jawa?"

Alu bai ko ɗaga kai ba ya ce, "Daga Kurmi ake kawo ta. Murza."

Amsar ba ta ishe shi ba, sai ya ƙera tasa. Ya ga abin ja ne kamar jar ƙasa, mai tauri kamar dutse, don haka ya yanke cewa a ƙarƙashin ƙasa take yin 'ya'ya, kamar gujiya. Ya faɗa wa abokansa, ya faɗa wa masu sayen kilishi, ya yi ta faɗa har ya manta cewa shi ya ƙirƙiro maganar.

Jan jawa ba ya kama fata kamar lalle, in an wanke da sabulu yana fita. Amma wanda ke murza ta kowace safiya, yaushe zai fita? Lokacin da ya fara zuwa zance wurin Kande, ɗiyar wani mai saƙar tabarma, hannayensa cikin aljihu yake tsayawa, har ta ɗauka girman kai ne. Ranar da kakarta ta miƙo masa ƙwaryar fura, dole ya fito da su. Tsohuwar ta ƙura wa tafukan ido ta ce, "Kande, wanga shi za ya aure ki, ko ke za ki aure shi? Na ga har an sa shi a lalle." Kande ta yi dariya har ta zauna ƙasa. Ɗan'azumi ya ce har gobe bai sani ba ko so ne ya sa ta aure shi, ko kuwa ta ga ba inda za ta ƙara samun dariya kyauta irin wannan.

Bayan an haifi ɗiyarsu ta fari, Iklima, ya rantse shi da jan hannu har abada. Ya hau mota ya taho Yamai, ya sauka a Zongo wurin mutanen garinsu. Ya yi karen mota a wata kamiyo, babbar motar kaya mai zuwa Gaya, ya bar aikin ranar da ya tsaya a baya yana ce wa direba "taho, taho" har ya shigar da ita rumfar mai shayi. Ya zauna wurin wani tela, ya ɗinke wa wani ma'aikaci bakin ƙafar wando ruf, mutumin ya sa ƙafa ta ƙi fita. Ana cikin haka aka ce masa ana neman gardi, wato mai gadi, a wani gida a unguwar Koira Kano, wanda kuma zai riƙa ba shuke-shuke ruwa. Ya ce buɗe ƙofa da riƙe tiyo dai, in Allah ya so ba zai huje kowa ba.

Mai gidan ita ce Hajiya Sa'adatu, mutuniyar Damagaram, wadda ta yi aikin gwamnati har ta ajiye. Mijinta, Alhaji Mahamadu, ya daɗe yana aiki a Kwatano, can gabar teku, kuma mutum ne mai son shuka. Duk dawowar da zai yi sai ya taho da wani tsiro a bayan mota. Ya rasu ya bar mata gida cike da itatuwan da shi kaɗai ya san sunansu. Hajiya ba ta yarda ko ɗaya ya mutu ba. Nan Ɗan'azumi ya samu wurin zama. Ya ɗauko Kande da Iklima, suka kama ɗaki a Banifandu, tafukansa suka washe har ya fara miƙa hannu da alfahari in ana gaisawa.

A bayan gidan, kusa da inda ruwan wanke-wanke ke gangarowa, akwai wata bishiya da ta ɗan fi mutum tsayi, mai rassa tun daga gindi. Ganyenta faffaɗa ne daga tushe, ya tafi ya tsuke a baki, ga ɗan ja-ja a jijiyoyinsa. Ba ta da haƙurin ƙishi ko kaɗan: in ta kwana biyu ba ruwa cikin bazara sai ta langaɓe ta fara zubar da ganye. In damina ta kusa fita sai ta yi furanni masu kyau, fari da ja-ja a haɗe, tsakiyarsu cike da 'yan zaruruwa, ƙudan zuma su yi ta kai da kawowa tun da sassafe. Furen na faɗuwa sai 'ya'ya su fito gungu-gungu, kowanne kamar ƙaramin ƙwai mai tsini, jikinsa duk gashi-gashi kamar ƙaya mai laushi, daga kore ya koma ja wur.

Shekarar farko da ya ga 'ya'yan, Hajiya ta fito da jikokinta biyu suna zagaya gida. Ta ce, "Malam Ɗan'azumi, kai da ka tashi a karkara, ka san wannan? Alhaji bai taɓa faɗa mini sunanta ba."

Da ya ce bai sani ba, da an wuce wurin. Amma an kira shi malam, an kuma ce ya tashi a karkara. Ya zagaya bishiyar hannu a baya, ya tuna zurmar da ke fitowa a bayan gari a Madawa, ita ma 'ya'yanta masu ƙaya ne, kuma kowa ya san ƙwayarta na kisa. Ya yi gyaran murya ya ce, "Hajiya, wanga zurma ce ta mutanen gabar teku. Ta fi tamu dafi. Yaro ya tauna ɗaya, sai dai wani ba shi ba."

Hajiya ta janye jikokinta da sauri. Sare bishiyar dai ba ta iya ba, don hannun Alhaji ne ya dasa. Sai aka yi shawara: a bar ta ta yi furenta don ado, amma 'ya'yan na fitowa a yanke su tun suna ɗanyu. Ɗan'azumi ya riƙe wannan aiki da muhimmanci. Kowace shekara zai ɗaura leda a hannu, ya rufe hanci da ƙyalle, ya bi gungu-gungu da almakashi, ya haƙa rami a bayan gareji ya binne, ya taka da ƙafa. In ya gama sai ya wanke hannu da toka yana jin kansa kamar wanda ya ceci al'umma.

Da Hajiya ta ji cewa ɗan masu kilishin Madawa ne, sai ta ce ai kuwa ba za ta ƙara sayen kilishi ba in Layya ta zo. Rantsuwarsa ta karye a nan, don ba ya iya ce wa Hajiya a'a. Lokacin wansa Mu'azu shi ma ya dawo Yamai ya kafa teburin kilishi a bakin gudro, wato titin kwalta. Sai Ɗan'azumi ya riƙa kai masa naman ya yanka, shi kuma ya haɗa labu. Zai tafi kasuwar Katako ya sayo jawa, ya dawo ya nemi inuwa. Inuwar da ta fi kusa da famfo kuwa ita ce ta wannan bishiya. Nan yake zama a kan wani dutse, kwano tsakanin ƙafafu, yana murzawa yana yi wa Ladi mai girki karatu.

"Kin gan ta nan, Ladi, a ƙarƙashin ƙasa take yi, can Kurmi inda ƙasarsu ja ce. Tono ta ake yi kamar gujiya."

"Ka taɓa gani?"

"Mu da muka gaje ta? Ke dai miƙo kanwa."

Haka aka yi shekara da shekaru. Jikokin Hajiya suka girma suna bin nesa da bishiyar, har in ƙwallonsu ya faɗa gindinta sai su kira shi ya ɗauko musu.

Wata shekara, furanni sun fara zuba ke nan, aka aiko daga Madawa cewa Alu ba lafiya. Hajiya ta ce ya tafi, kada ya dawo sai abin da Allah ya yi, wani ɗan'uwan Ladi zai riƙe ƙofa. Ya iske tsohon ya rame, hannayen nan da suka yi shekaru suna warware nama sun kwanta a kan bargo ba ƙarfi. Jinya ta yi tsawo. Shi ke tayar da shi, shi ke ba shi kunu a baki. Wata rana da hantsi Alu ya buɗe ido ya dube shi ya ce, "Har yanzu ba ka iya wuƙa ba?"

"Ban iya ba, Baba."

Tsohon ya ce, "To. Amma labunka, tun da ka tafi ba wanda ya haɗa irinsa a gidan nan."

Ɗan'azumi ya ce a duk rayuwarsa wannan ne yabon da ya taɓa samu daga bakin ubansa, kuma ko shi sai da aka fara da gori. Ya fita bayan ɗaki ya share ido. Ba a jima ba Alu ya rasu. Ya zauna har aka yi sadakar arba'in, sannan ya kamo hanyar Yamai.

Yana shiga gidan Hajiya, bayan gaisuwa da ta'aziyya, ya zagaya ya duba shukokinsa. Da ya kai bayan gida sai ya tsaya cak. Ba wanda ya yanke 'ya'yan. Sun nuna, sun bushe, sun koma ruwan ƙasa, kowanne ya tsage biyu ya wage kamar bakin ɗan tsuntsu.

"Ladi!" ya ƙwala kira. "So kuke ku kashe jikokin Hajiya? Mutum ya ba da baya kaɗan, shi ke nan a bar dafi ya nuna a cikin gida?"

Don fushi ya manta da leda. Ya kai hannu ya damƙi gungu guda, kwanson ya ruguje a tafinsa, wasu 'yan ƙwayoyi suka zubo. Bai kai ga dubawa ba hannunsa ya riga ya gane. Wannan tauri, wannan kusurwa, wannan ɗan maiƙo. Ya haɗa tafuka ya murza, ya buɗe. Ja wur. Ya kai hanci ya shaƙa.

Ladi ta iso da ludayi a hannu, ta same shi tsaye baki buɗe. "Lafiya? Dafin ya kama ka?"

Ya lallaɓa ya zauna a kan dutsen da yake zama yana murza jawar kasuwa, ya ɗaga kai ya dubi rassan da ke saman kansa. Dariya ta fara zo masa, ya yi ta har cikinsa ya ƙulle. Can kuma ya tuna Alu, wanda ya ƙare rayuwarsa yana saye da zuba wannan abu bai taɓa ganin uwarsa ba, ga shi ɗansa ya yi shekaru yana ba ta ruwa, da ya kai masa ko reshe guda ya gani. Sai dariyar ta juye kuka. Ladi ta ruga ta kira Hajiya, ta ce gardi ya taɓu.

Da ya samu bakin magana ya yi bayani, ya buɗe tafukansa ya nuna. Hajiya ta dafa bango ta ce, "Tsaya in gane. Wato dafin da kake binnewa a bayan gareji duk shekarun nan, shi kake sayo mana a Katako muna ci?"

"Shi ne, Hajiya."

Ladi ta ce, "To ba ka ce a ƙarƙashin ƙasa take yi ba?"

Ya share hawaye da bayan hannu, ya bar jan layi a kumatu, ya ce, "Wadda na binne dai tana can ƙarƙashin ƙasa."

Hajiya ta yi dariya har sai da aka kawo mata kujera.

Autar Hajiya, Fa'iza, ita ta ɗauki hoton bishiyar da wayarta ta binciko sauran labarin. Ta ce Faransawa na kiranta ruku. Ɗan'azumi ya ce, "Ruku'u?" Ta ce a'a, ruku kawai, ba ruwanta da salla. Ta ce asalinta ma ba Kurmi ba ne, daga ƙasashen Amurka masu zafi da ruwan sama aka yaɗo ta. Mutanen dazukan can suna shafa jan a jiki don ado da kare fata daga rana da cizon sauro. Turawa na rina cuku da man shanu da ita, ana kuma sa ta a jan baki. Ta ƙara da cewa jan ya fi narkewa a mai fiye da ruwa. Ɗan'azumi ya saurara da kyau, ya haddace, kafin sati ya zagayo ya zama malamin jawa a majalisar masu gadin layin. Shi da kansa ya ce, "Jiya na san ta, yau ina ba da fatawa."

Wannan magana ta mai ita ta ja masa. Gemunsa ya fara furfura, kuma ya daɗe yana sha'awar dattawan da ke rina nasu da lalle. Ya ce shi da ke da jawa a hannu, mi zai kai shi sayen lalle? Ana gobe ɗaurin auren Fa'iza ya ɗumama man gyaɗa, ya zuba ƙwayoyin, man ya koma ja kamar manja. Da safe ya shafe gemu tsaf, ya dubi madubi ya ga ya yi kyau.

Kande ta dube shi ta ce, "Malam, da dai ka gwada a ranar da ba taro."

"Ke mi kika sani a kan jawa?"

"Ba komi. Na dai san rana."

Tsakiyar bazara ce. Ya sa farar rigar da Hajiya ta ɗinka masa don bikin, ya tsaya a ƙofa yana yi wa manyan baƙi maraba. Abin da bai lura da shi ba, lalle kama gashi yake yi, jawa kuwa zama kawai take yi a kansa tana jiran abin da zai ɗauke ta. Kafin a shafa fatiha gumi ya karyo. Ya ga mutane na kallonsa, ya ɗauka gemun ne ya burge su, sai ya ƙara shafa shi yana murmushi, yana miƙa wa mutane hannu. Wani dattijo cikin dangin ango ya riƙo kafaɗarsa ya ce a hankali, "Bawan Allah, kada ka tsorata, amma an sare ka a wuya. Zo in kai ka likita." Ya sunkuya ya ga gaban rigar tun daga wuya har ciki ya yi jajayen layuka. Sauran bikin a ɗakin gadi ya yi shi, da tawul a wuya. Wasu baƙin kuma sai da suka koma gida suka ga abin da musafaharsa ta bari a hannun rigunansu.

Duk da haka bai saki jawa ba. Ya ce sai ya ga ta tsaya a gidansa. Ya fara shuka ta kasuwa, ko ɗaya ba ta fito ba, don ta tsufa a buhu. Sai ya ɗebo sabuwa daga bishiyar Hajiya, ya jiƙa ta kwana, ya shuka a gwangwanaye, suka tsiro. Ya zaɓi wurare a tsakar gida da iliminsa, ya dasa, ya kewaye da ƙaya saboda awaki. To Banifandu rairayi ne, famfo kuma sai ya ga dama yake kawo ruwa. Ya yi ta jigilar ruwa cikin bido a kan keke, amma bazara na shigowa suka bushe ɗaya bayan ɗaya. Guda ɗaya ta tsira. Ita ce wadda Kande ta zazzage a bayan wurin wanke-wankenta don tana son gwangwanin ta zuba toka. Ba wanda ya kewaye ta, ba wanda ya yi mata addu'a, ruwan kwanoni kawai take sha. Bayan damina biyu ta yi fure.

Da 'ya'yan suka bushe ya tafi wurin Mu'azu ya ce, "Yaya, taho ka ga iccen jawa."

Mu'azu na kan yanka nama, ya ce, "Icce? Ba kai ka ce mana tono ta ake yi ba?"

"An samu ƙarin bayani."

Mu'azu ya zo ranar Juma'a bayan masallaci. Ya tsaya gaban bishiyar. Ya tsinki kwanso ɗaya ya buɗe, ya ga ƙwayoyin jere a jikin ɓangarorin biyu, ya taɓa da yatsa ya dubi yatsan. Can ya ce, "Ashe ƙaramin icce ne." Sai ya juya ya tambayi Kande ruwan sha. Ya tafi da kwano guda, abin da bishiyar ta bayar ke nan. Da suka sake haɗuwa ya ce, "Gaskiya jawarka ta fi ta kasuwa haske, kilishin har ɗaukar ido yake. Sai dai abin da iccenka ya yi shekara yana tarawa, kafin azahar na gama da shi."

Yanzu gwiwa ta sa Ɗan'azumi ya ajiye gadi. Yana zaune gida yana renon 'yan tsiron jawa a ledojin ruwa, yana kai wa masu lambu a bakin gulbi. Nasu na yin girma su ninka tasa, har wani Bazabarme da ya karɓi tsiro a hannunsa yanzu shi ke koya masa yadda ake rage rassa don 'ya'ya su yi yawa. Yana saurara, yana gyaɗa kai, in ya dawo gida ya maimaita wa Kande kamar shi ya gano.

Bara ne ya yi abin da har yau ake ba da labarinsa a layin. Matar maƙwabcinsa Abdulrazak tela ta haihu, an sayo farin rago na suna an ɗaure a gindin katangar da ta raba gidajen biyu. Ɗan'azumi bai san da ragon a wurin ba. Ya sussuke jawarsa, ya zuba a faifai, ya ɗora a kan katangar don gudun kajin Kande, ya koma inuwa ya kishingiɗa bayan azahar. Bai ga lokacin da wata kaza ta yi tsalle ta ture faifan ba. Ihu kawai ya ji daga maƙwabta.

"Innalillahi! Ragon na aman jini! Ku kawo wuƙa kafin ya mutu!"

Ya ɗaga ido ya ga ba faifai a kan katanga, nan take ya gane. Ragon ya tusa baki a jawa, ya sha ruwa, ya goga a ƙirji, farin gashi ya koma ja. Ga suna da sauran kwanaki, in aka yanka yau an yi asara. Ɗan'azumi ya zabura, ya taka turmin Kande, ya kama katanga ya haye yana ihu, "Jawa ce! Abdulrazak, kada ka yanka, jawa ce!" Ya iske tela ya danne rago da gwiwa, ƙanensa na miƙo wuƙa. Suka ɗaga kai suka ga dattijo a saman katanga, kafin su ce wani abu ya rikito cikin kwanon dusa.

Aka wanke bakin rago da sabulu, ya miƙe garau yana neman sauran. Ɗan'azumi ne bai miƙe ba. Aka kira mai ɗori ya ce targaɗe ne, ya ja ƙafar, ya ɗaure. Ranar suna a kan tabarma ya zauna, ƙafa miƙe, duk wanda ya zo barka sai ya biyo ta wurinsa ya yi masa sannu ya nemi a ba shi labari, shi kuma ya bayar, yana ƙara gishiri. Abdulrazak ya aiko masa da cinyar ragon sukutum.

Da yamma Kande na shafa masa man zafi a ƙafar, ta ce, "Malam, ni abin da ban gane ba, ƙofar gidan Abdulrazak a buɗe take wuni, kuma ga ta nan jikin tamu."

Ya ce, "Na sani. Ina saman katanga na tuna da ita."